Ramin da Dattijo Ya Bari

Litinin, bayan la'asar

Alhamdulillahi, yau ni Maigandi na Ƙofar Taramniya na yi jika. Namiji ne. Tun da na koyi riƙe biro a ajin yamma, da furfurata a gemu, ban taɓa rubuta layin da ya kai wannan daɗi ba.

'Yata ta fari ce ta haihu. Sunanta Halimatussa'adiyya. Bakina bai taɓa kiran sunan ba, “yarinyar nan” nake cewa, amma takarda ba ta san kunya ba. Ta daɗe a gidan miji ana jira. Abin da ya faru a shekarun baya ya wuce, ba zan sa shi a nan ba.

Yaron ya riga lokacinsa zuwa, sun sa shi a kwalba a asibiti. Na hango shi ta gilashi. Duk jikinsa bai fi tafin hannuna biyu ba, amma ga yatsu cif, ga farce, har da gira. Na daɗe ina kallon farcen nan. Subhanallahi, ko abin da bai kai ƙwayar gero ba an gama masa aikinsa.

Haihuwar fari gida ake wanka. Mai ɗakina Zulaihatu ta riga ta tara itace, ta wanke babbar tukunya, ta aika a samo kanwa. Ɗakin kudu za a ba su, inda aka haifi uwar yaron. Ginin ƙasa ne na mahaifina, kuma shi ne ɗakin da daɓensa ke da sanyi ko a tsakiyar bazara irin wannan. Na sa an shafe shi da farar ƙasa.

Laraba, hantsi

Dattijo ya mutu.

Kunkurun gidanmu ke nan. Mahaifina ya zo da shi daga wajen Illela a aljihun riga ina yaro, yau sai da baro aka iya ɗaukarsa. Ya girmi aurena, ya girmi 'ya'yana duka. Shingensa na bayan ɗakin kudu, a nan ya haƙa raminsa. Kwanakin nan ya daina cin rama da ɓawon kankana, idonsa na ruwa, hancinsa na kumfa. Hankalinmu na asibiti, ba wanda ya kula sosai. Da safe na same shi a bakin rami ya miƙe wuya ya ɗora haɓa a ƙasa.

Zulaihatu ta ce, “Malam, ciwon yaron ga na yaɗ ɗauka. Don hakanan anka aje shi gidan ga tun farko.”

Na ce ta yi istigfari, kunkuru ba ya ɗaukar wa kowa ajali. Ta yi. Amma ni ma da nake tura baron zuwa bayan gari maganar ta ƙi fita raina. Wani maƙwabci ya biyo ni yana roƙon ƙoƙon bayansa, wai magani zai haɗa. Na hana. Gaba ɗayansa na rufe.

Ina murna, ina share ido. Ina da jika.

Alhamis, bayan magariba

Surukina Sharifuddeen ya zo. Ya ƙi hawa tabarma kamar kullum, ya tsugunna a bakin zaure kansa a ƙasa. Mun gaisa har gaisuwa ta ƙare, ya sake ɗauko ta daga farko, na san akwai magana.

Ya ce likitoci sun ce yaro irin wannan, ko an sallame shi, abin da babba ba zai ji ba shi kan iya kayar da shi. Sun tambayi inda za a kai shi, ko akwai dabbobi. Ya ji labarin Dattijo, ya ji da kumfa a hanci ya mutu, kuma tagar ɗakin kudu a kan shingen take. Sai ya ce mahaifiyarsa tana da ɗaki a unguwar Gidan Dare, mai daɓen tayil, ta ce ko a can za a yi wankan. Bai ce ya yanke ba. “Sun ce” yake ta faɗa.

Ban ga laifinsa ba. Ɗansa ne, kuma ya fi ni sanin abin da ya wuce. Na roƙe shi abu ɗaya, ya ba ni zuwa ranar sallama, ya zo da kansa ya ga wurin, in bai gamsu ba na yafe. Ya ce to, Baba.

Zulaihatu tana bayan ƙofa ta ji komai. Ta je ta lulluɓe itacen da buhu.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na je wurin likitan dabbobi. Ya ce gaskiyar surukina, kashin kunkuru na ɗauke da ƙwayoyin cuta ko yana lafiya, jariri ba ya jure su. Ya gaya mini yadda zan yi. A kwashe duk ƙazanta da shara a ƙone. A kankare ƙasar sama a fitar. Duk abin da zai wanku a fara da sabulu, sannan ruwan bilic, wato maganin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya jiƙa, a ɗauraye, a ba rana. Abin da ba zai wanku ba a jefar. Ya ce in sa safar hannu, in rufe hanci, kada in shiga cikin gida da tufafin aiki.

Ya tambayi girman Dattijo, na buɗe hannuwana. Ya ce irinsu ba a cika gani ba yanzu. Na ji daɗi kamar ɗana aka yaba.

Asabar, azahar

Na ƙone tsohon zana da karan shinge. Kaskon ruwansa na fasa na jefar, duk da hannuna ya ƙi da farko, bakin kaskon ya lotsa daidai inda yake ɗora wuya. Na kankare ƙasa na tura baro har bayana ya riƙe. Na wanke katanga da tsintsiyar kwakwa, sabulu, sannan bilic. Safar ta yage tun da wuri, na ci gaba haka nan.

Zulaihatu ta leƙo ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganina da tsintsiya ba, ashe ina da hannu. Na ce jika ya fito da shi.

Lahadi, yamma

Ba a bari mun ga yaron ba yau.

Litinin, hantsi

An raɗa suna a gidan ubansa. Gazali. An yanka rago, an yi addu'a, mai sunan yana kwalba bai san ana yi ba. Na maimaita sunan a hanya har gida, Gazali, Gazali, mai sayar da rake ya ɗauka da shi nake.

Uwar yaron ta bugo wa Zulaihatu waya. Sun daɗe. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce lafiya lau. Ban ƙara tambaya ba.

Talata, bayan la'asar

Saura ramin. Na manta ban tambayi likitan dabbobi yadda ake yi da shi ba, na kuma ga ba sai na koma ba. Ai mun karanta a gaban malamai, ƙasa in najasa ta taɓa ta, ruwa mai yawa ake kwarara mata ta tsarkaka. Na ce to, in cika ramin da ruwan bilic ya kwana, gobe in toshe.

Na kira mai ruwa ya kawo kura guda. Muka juye jarkoki duka. Ramin ya shanye, ko ƙara bai yi ba. Na kira kura ta biyu. Ita ma haka. Mai ruwan ya tsugunna ya kasa kunne, ya ce, “Baba, wanga ba rami ba na, rijiya ta.”

A tunanina ramin bai fi tsawon mutum ba. Shekara da shekaru ina ganin Dattijo yana shiga yana fita, ban taɓa tambayar kaina ina yake zuwa ba.

Laraba, azahar

Na ƙara ruwa. Har yanzu bai cika ba. Na zura gora mafi tsawo a gidan, ta shige har hannuna ya bi ta, ba ta taɓo komai ba. Na zauna a bakin ramin ina jin iska mai sanyi tana fitowa daga ciki, a ranar da ko kaza ba ta fita tsakar gida. Allah mai iko. Dabbar da yara ke hawa bayanta suna dariyar tafiyarta.

Sun ce Gazali ya ɗan sha nono ta bututu. Alhamdulillahi. Ina da jika.

Alhamis, da sassafe

Zulaihatu ta shiga ɗakin kudu da shara ta fito ba tsintsiya. Ta ce in zo in gani.

Daɓen ya lotsa daga kusurwar gado. Bangon baya ya tsage daga tushe zuwa taga, yatsana na shiga. Farar ƙasar da na sa aka shafa tana zuba kamar gari.

Ruwana ne. Ramin ƙarƙashin ɗakin ya bi.

Alhamis ɗin dai, bayan isha'i

Ban ci tuwo ba. Na so in wanke wa yaro wuri, na rushe masa ɗaki.

Juma'a

An kira uban Gazali asibiti da gaggawa. Zuwa la'asar aka ce ya lafa. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Asabar, bayan azahar

Na kira Mode magini. Tare muka yi makarantar allo, shi ya sa ba ya raga mini. Ya duba bango, ya duba rami, ya dube ni, ya ce, “Maigandi, mutane na yi wa gona ban-ruwa, kai ɗaki kaka yi wa? Mi kaka son shi tsiro?”

Muka fitar da gado da akwatuna. Ya fasa daɓen daga inda ya lotsa. Bai yi nisa ba digarsa ta faɗa fanko. Ya daina wasa. Ya bi ramin yana buɗewa a hankali, ya faro daga shinge, ya ratsa ƙarƙashin tushen bango, ya karkata, ya zo ya buɗe ya zama kamar ɗan ɗaki, daidai inda gado yake tsayawa tun zamanin mahaifiyata.

Mode ya ce tushen bangon a kan iska yake zaune, ba tun yau ba. Na tambaye shi, da ban zuba ruwa ba fa? Ya ce ba zai yi mini rantsuwa ba, zai iya kai shekaru, zai iya tafiya da ruwan farko na bana. Ya ɗaga kai ya dubi gabas. Ni ma na duba. Kwana biyun nan hadari na haɗuwa yana watsewa.

Lahadi, hantsi

Na kwanta rub da ciki na zura kai da tocila.

Ƙasan ya zama laka saboda ruwana, amma saman yana nan yadda Dattijo ya bar shi. Sulɓi kamar cikin randa, ƙoƙon bayansa ya goge shi shekara da shekaru. A gefe ga sawun farce, layi bisa layi, na ƙasa ƙanana, na sama manya. Yana girma yana faɗaɗa wurin. Na sa yatsana a ƙaramin sawu, na lokacin da zai shiga aljihu, na kasa cirewa.

A kan gadon nan aka haifi yarinyar nan. A kansa ta yi ƙyanda, muka kwana kanta. A kansa mahaifiyata ta cika. Duk wannan Dattijo yana ƙarƙashinmu, tsakaninmu da shi bai fi kamu biyu na ƙasa ba, muna cewa ɗakin nan Allah ya yi masa sanyi. Allah ɗin ne ya yi, amma ta hannun wa.

Na fito da laka har gira. Zulaihatu ta ce in faɗa mata abin da na gani. Sai na miƙa mata tocilar. Da zanenta da komai ta durƙusa. Ta daɗe. Da ta ɗago ba ta yi maganar ɗaukar ciwo ba, ni ma ban yi maganar istigfari ba. Salati kawai muka yi.

Litinin, yamma

Sun ce in yaron ya ci gaba haka, ƙarshen mako za a sallame su. Na yi sujada a tsakar gida.

Sai kuma na tuna ba ni da ɗakin da zan nuna.

Zulaihatu ta ce Mode ya cike ramin cikin dare biyu, ya liƙe tsagar, a sake shafe, wa zai sani. Ta ce 'yarta ta fari ba za ta yi wanka a hannun surukai ba tana raye, da wane ido za ta dubi mata. Na fahimce ta. Mode kuma ya ce cikon gaggawa a kan laka ba aikinsa ba ne, in ana so a nemi wani. Na ce ba za a nemi kowa ba. Na aika wa Sharifuddeen ya zo gobe ya gani.

Ba ta yi mini magana ba har aka yi magariba.

Talata, bayan la'asar

Ya zo. Tun da ya auri yarinyar nan bai taɓa wuce zaure ba, sai da na kama hannunsa. Na fara kai shi shinge. Ƙasa sabuwa, katanga fes, ba ƙuda ko ɗaya, warin bilic kaɗai. Ya gyaɗa kai. Na ga yana satar kallon hannuwana, fatar ta saɓule, na mayar da su cikin riga.

Sannan na kai shi ɗakin kudu na gaya masa komai, har da kurar ruwa. Ya karɓi tocila ya leƙa. Shi ma ya daɗe. Ya ɗago ya ce, “Baba, shi kaɗai yay yi wannan?” Na ce shi kaɗai.

Muna tsaye iska ta taso. Muka koma rumfa. Ruwan farko ya sauko da ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya cika gida, yaran unguwa na ihu a waje. Ba a jima ba muka ji wani nishi, ba ƙara ba, nishi kamar na raƙumi zai durƙusa. Bangon baya ya zauna. Rufin ya biyo shi. Azara guda ta faɗo ta soke daidai inda gado yake a da.

Zulaihatu ta zame ta zauna a ƙasa cikin ruwa. Sharifuddeen leɓensa na motsi. Ni dai ina kallon azarar nan ina lissafin inda kan mai jego zai kasance, da inda ake kwantar da jariri ta jikin bango. Na daina lissafin.

Da ruwa ya tsagaita na ce masa ɗaki ɗaya ya rage mini na bulo da siminti, nawa, wanda ke kusa da zaure, nesa da shinge. In ya yarda na ba su. In bai yarda ba Gidan Dare ma gida ne, ba zan riƙe shi a rai ba.

Ya ce, “Baba, kai ina za ka kwana?”

Na ce zaure. Mai gadin mai jego da jaririnta ai a ƙofa yake kwana.

Bai yi dariya ba. Ya ce zai yi shawara. Ya tafi da rigarsa a jiƙe.

Laraba

Shiru. Zulaihatu ta shanya itacen da ruwa ya taɓa, ta sake lulluɓewa.

Na kwashe littattafaina da buzu na kai zaure. Ko ba su zo ba, na riga na kwashe.

Alhamis, bayan azahar

Ina zaure da hantsi sai ga Keke Napep ta tsaya. Sharifuddeen ya fito da bokiti biyu, da gidan sauro sabo, da nadin ledar ƙasa a kafaɗa. Ya tsugunna ya gaishe ni kamar kullum. Bai ce ya yarda ba, ban tambaya ba. Ya ce ko zan ba shi izini ya shiga.

Ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙofa, ya naɗe wando. Ma'aikacin ofis, ga shi durƙushe yana goge ƙasan ɗakin surukinsa. Na ɗauki tsintsiya zan taya shi, ya ce, “Baba, don Allah aje. Hannunka ya yi nashi.” Sai na zauna ina gaya masa tsarin, sabulu tukuna, sannan bilic, a bar shi ya jiƙa. Ya ce to, Baba. Na ce kuma ban da ruwa da yawa. Nan ne ya yi dariya, ya sunkuyar da kai don kada in gani.

Zulaihatu ta yaye buhun itace. Tun azahar take waƙa a madafa, ta aiko masa da fura a kwanon da ba ta ba kowa.

Mode ya ce sai laka ta bushe zai cike ramin. Na ce kafin nan ya bar ni in sake leƙawa.

Asabar, bayan la'asar

Sun zo.

Yarinyar nan ta rame, amma da ƙafarta ta shigo. Ta durƙusa za ta gaishe ni, na kau da kai na ce ta shiga ciki rana na dukan yaro. Hayaƙin ruwan wanka ya riga ya tashi, gidan duk ƙamshin ganyen darbejiya.

An hana kowa shiga sai mu. Zulaihatu ta tsaya a kaina na wanke hannu har gwiwa, na sauya riga, ta shinshina ni ta ce in sake. Sannan ta ɗauko shi ta ce, “To ga maigidana na gaske, kai ka zama tsohon yayi.” Ta ɗora mini shi.

Ba nauyi. Kamar an ɗora mini hula. Amma ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka, ina jin sa a tafin hannuna. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni ya rufe. Na ce, “Gazali, kai ne ka kore ni daga ɗakina ko? To na gode.” Na karanta masa abin da ya sawwaƙa.

Can na ji ɗumi yana bin cinyata. Ya jiƙa mini rigar da na sauya sau biyu saboda shi. Uwarsa ta rufe fuska da mayafi tana dariya, rabon da in ji dariyarta na manta. Zulaihatu ta miƙo hannu ta ce in kawo shi in je in wanke, an kusa kiran magariba.

Na ce a bar ni tukuna.